Yadda ake nemo hanyoyin burji masu kyawun kallo a Namibiya da motar haya

Wanda ya karɓi motar haya a Windhoek, babban birnin Namibiya, ya manne wa kwalta zai isa masaukinsa ba wahala, amma yawancin wuraren da ake zuwa Namibiya dominsu sai an sauka daga kwalta ake ganinsu. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita sama da 820,000, mutanenta kimanin miliyan 3, kuma mafi yawan hanyoyinta burji ne da tsakuwa. Hukumar hanyoyi tana aika gireda ta baje su lokaci-lokaci, shi ya sa baƙo zai iya tuƙa kansa har cikin hamada ba tare da ɗan rakiya ba. Sai dai taswira kaɗai ba ta isa ta zaɓar maka hanya ba. Abu uku ne sai sun dace: abin da taswira ta nuna, abin da takardar hayar motar ta yarda da shi, da halin da hanyar take ciki a safiyar da za ka hau ta. In ɗaya ya ƙi, a bar hanyar komai kyawunta.

Harafin da ke kan allon hanya

Kowace hanya a Namibiya tana da harafi da lamba, kuma allunan suna tsaye a mahaɗa har a tsakiyar daji. Masu harafin B manyan hanyoyin kwalta ne, irin B1 da ta ratsa ƙasar daga iyakar Afirka ta Kudu zuwa ta Angola, da B2 da ta nufi Swakopmund da Walvis Bay a bakin teku. Masu C su ne na biye. Wasunsu an zuba musu kwalta, amma da yawa burji ne mai faɗi wanda mota biyu za su gifta juna a sake. Masu D na gunduma ne, lambarsu uku ko huɗu, sun fi ƙunci, gireda ba ta cika zagayo su ba, kuma a cikinsu mafi kyawun kallo yake. Ƙasa da waɗannan sai hanyoyin gonaki da sawun taya marasa lamba. Su kam ka bar su, sai in mai gonar ya ba ka izini.

Kada ka ɗauka C ta fi D laushi a kullum. Yawan motoci ne ke haifar da gargada, wato hanya ta yi layi-layi kamar kwanon rufi. C14 da ke tsakanin Solitaire da Walvis Bay tana shan motocin masu yawon buɗe ido, don haka sau da yawa takan fi wata D da ba kowa ke bi ba girgiza mota.

Inda ake sa ido a taswira

Google Maps an yi shi ne don ya kai ka da sauri. Zai ja ka zuwa kwalta, in kuma ka tilasta masa burji sai ya ba ka lokacin da bai kai na gaskiya ba. Taswirar da matafiyan kudancin Afirka suka fi dogara da ita ita ce Tracks4Africa, ana samunta a takarda da kuma a waya. Amfaninta shi ne an gina ta da sawun GPS na mutanen da suka bi hanyoyin da kansu, kuma tana rubuta nisa tare da awannin da ake ci tsakanin mahaɗa da mahaɗa. Ka sayi ta takarda ko da kana da ta waya. Ka kuma sauke taswirar ƙasar a wata manhaja mai aiki ba intanet, irin OsmAnd, tun kana Windhoek, domin layin MTC, wanda ya fi kowane yaɗuwa a ƙasar, yakan ɓace da zarar ka yi nisa da gari.

Hanyar nemowa kuwa ga ta. Buɗe taswirar da ke nuna tsayin ƙasa, ka nemi inda layukan tsayi suka matsu da juna. A Namibiya wannan abu ne mai sauƙin gani: tsakiyar ƙasar tudu ne, Windhoek kanta tana kimanin mita 1,700 sama da teku, sannan ta yamma ƙasar ta gangara gaba ɗaya zuwa hamadar Namib. Duk hanyar da ta yanka wannan gangara daga gabas zuwa yamma tana da mashigin dutse, kuma a bakin mashigin ne hamada ke buɗewa a gabanka har iyakar gani. Wuri na biyu da ake nema shi ne hanyar da ta bi kan iyakar ƙasa iri biyu, jigawa a hannu ɗaya duwatsu a ɗaya hannun. Na uku, hanyar da ta bi gaɓar kogi.

Da ka ga wadda ta ja hankalinka, juya zuwa hoton tauraron ɗan'adam ka bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe. Wannan aikin yana cin minti ashirin, kuma bai kamata a tsallake shi ba. In hanyar ta fito fara, mai faɗi, gefunanta a miƙe, to gireda na bin ta. In ta rikiɗe ta zama layi biyu siriri da ciyawa a tsakiya, ta zama sawun taya. In ta rabu gida uku ko huɗu sannan ta sake haɗewa, alama ce direbobi suna kauce wa yashi mai zurfi ko rami a wurin. Ƙirga wuraren da ta tsallaka busasshen rafi, za ka gan su fari fat suna yanka hanya, domin kowanne yashi ne a rani, ruwa ne a damina. Ka kuma lura ko akwai gidajen gona a kusa, don su ne wurin neman taimako. Abu ɗaya da za ka riƙe: hoton yana iya zama na shekarun baya, saboda haka yana nuna maka yanayin ƙasa ne, ba halin da hanya take ciki yau ba.

Ta wane ɓangare za ka shiga ma yana da muhimmanci. Mashigan dutse a sauko su daga gabas da safe, rana tana bayanka, hamada tana gabanka. Wanda ya nufi yamma da la'asar rana za ta cika masa ido, ga ƙura, har ya kasa ganin rami.

Hanyoyin da suka cancanci a fara da su

Spreetshoogte, a kan D1275, shi ne mashigin da ya fi tsayuwa cikin waɗanda baƙi ke bi. Daga Windhoek ana bin B1 zuwa Rehoboth, a shiga C24, a karkata D1261 zuwa Nauchas, sannan D1275. Ƙasa tana sauka kusan mita 1,000 cikin 'yan kilomita kaɗan, kuma an shimfiɗa bulon siminti a wuraren da suka fi tsayuwa don taya ta samu abin kamawa. An hana manyan motoci da masu jan tirela binsa. Wani manomi mai suna Nicolaas Spreeth ne ya fasa shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan sunan ya samo asali. Akwai wurin tsayawa a sama kafin a fara sauka. A ƙasa hanyar tana haɗuwa da C14 kaɗan a arewa da Solitaire, inda akwai gidan mai da mai faci. Ga wanda bai taɓa tuƙi a ƙasar ba, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da ranar farko ko ta biyu: kallonta babba ne, nisanta da taimako kaɗan ne.

C26 ta mashigin Gamsberg ta fi tsawo da yawan kwana, tana wucewa kusa da dutsen Gamsberg mai shimfiɗaɗɗen kai, mai tsayin mita 2,347. C28 kuma tana bi ta mashigin Bosua zuwa Swakopmund. Dukansu biyu tafiyar sama da kilomita 300 ce ba gidan mai tsakanin Windhoek da bakin teku, kuma za ka iya yin awa guda ba ka gamu da mota ba.

A kudu akwai D707, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce mafi kyau a ƙasar. Tsawonta kimanin kilomita 120 ne, ta tashi daga C13 a arewa da Aus ta haɗu da C27 kusa da Betta. Jan yashin Namib yana yamma, duwatsun Tiras suna gabas, ga mariri da jimina a filin da ke tsakani. Tana da wuraren yashi mai laushi, don haka ba ta ƙaramar mota ba ce. Can ƙasa kuma C13 tana bin gaɓar kogin Orange daga Rosh Pinah zuwa Aussenkehr mai gonakin inabi, Afirka ta Kudu tana tsallaken ruwa. In kogin ya cika yakan rufe ta.

A arewa maso yamma, C40 ta mashigin Grootberg tsakanin Kamanjab da Palmwag, da D2612 ta wajen Twyfelfontein, inda zanen dutse na mutanen dā ya sa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2007. A busassun rafukan wannan yanki ana gamuwa da giwayen hamada. In ka gan su, tsaya daga nesa, kada ka tare musu hanya, kada ka fita daga mota.

Wasu wuraren sai da takardar izini. Manyan hanyoyin da suka ratsa gandun Namib-Naukluft, irin C14 da C28, ba sa buƙata, amma ƙananan da ke reshe daga jikinsu, har da zagayen kallon tsiron hamada Welwitschia kusa da Swakopmund, sai an yanki izini a ofishin ma'aikatar muhalli. Mai son ratsa gandun Skeleton Coast tsakanin ƙofar Ugab da ta Springbokwasser ya isa da wuri, domin ba a barin mai ratsawa ya shiga bayan ƙarfe 3 na rana.

Takardar haya

A nan ne ake yin asarar kuɗi mai yawa, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Ka nemi kamfanin ya aiko maka da cikakkun sharuɗɗa kafin ka biya ko sisi, ka karanta su da taswira a gefenka.

Dokar ƙasa ta yarda da gudun kilomita 120 a awa a kwalta, 100 a burji, 60 a cikin gari. Amma yawancin kamfanonin hayar motocin daji sun tsayar da nasu iyaka a 80 a burji, wasu ma ƙasa da haka, kuma sun dasa na'ura a motar tana rubuta gudu da wuri da lokaci. In hatsari ya faru suka duba suka ga ka haura iyakar, inshora ta faɗi, kuɗin motar duka a wuyanka. Haka nan tuƙi bayan faɗuwar rana a wajen gari: yawancinsu sun haramta, saboda dabbobin da ke tsallaka hanya da dare.

Sannan ka nemi sashen abubuwan da inshora ba ta ɗauka. Kusan kullum za ka ga taya da gilashi a ciki, sai in ka sayi ƙarin inshora dominsu, kuma a hanyar tsakuwa wannan ƙarin ya cancanci kuɗinsa. Za ka ga lalacewar ƙarƙashin mota, da ɓarnar ruwa in ka shiga rafi, da kuloci da ya ƙone a yashi. Wanda ya fi kowanne nauyi shi ne hatsarin da ba wata mota a ciki, wato ka kife kai kaɗai. Wasu kamfanoni ba sa biyan wannan ko kaɗan, alhali shi ne irin hatsarin da baƙi suka fi yi a burji. Tambayi wannan a fili. Tambayi kuma nawa ne kason da za ka biya daga aljihunka kafin inshora ta shiga, nawa za su riƙe a katin bankinka, da wa zai biya kuɗin janyo mota in ta lalace a nesa.

Akwai jerin wuraren da aka hana shiga. Mashigin Van Zyl a Kaokoland, yankin da ke can ƙuryar arewa maso yamma, kusan kowa ya hana shi. Da yawa sun hana tuƙi cikin busassun rafuka, da bakin teku, da kan jigawa irin ta Sandwich Harbour, wasu kuma suna sa sharaɗi a kan D3700 da ke bin kogin Kunene. Abin da ya fi shi ne ka rubuta lambobin hanyoyin da ka zaɓa rana-rana, ka aika musu ta imel, ka ce su amsa a rubuce cewa sun yarda. Maganar baki a ofishin kamfanin ba ta da amfani ranar da aka zo lissafi.

Lasisin tuƙi in da Turancin Ingilishi aka rubuta shi ana karɓa. Wanda nasa da Faransanci ne ko Larabci, kamar na Nijar ko Chadi, ya haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa tun daga gida. Kamfanoni kuma suna da mafi ƙarancin shekarun direba, a duba.

Motar da kayan cikinta

Ga hanyoyin da aka ambata, abin da ya dace shi ne mota mai tsayi daga ƙasa wadda tayoyinta huɗu ke ja, irin Toyota Hilux mai ƙofa huɗu ko Fortuner. Ƙaramar mota tana iya bin C mai kyau a rani, amma tayarta siririya ce, cikinta kusa da ƙasa, kuma safayarta ɗaya.

Ranar karɓa ka ware awa biyu. Ɗauki hoton motar ta kowane gefe, har rufi da gilashin gaba da ƙarƙashi. Duba kowace taya: zurfin zanenta, da gefenta ko akwai yanka ko kumburi. Safaya biyu ake so, kuma a auna iskarsu a gabanka. Ka sa ma'aikacin ya nuna maka yadda ake sauko da safayar da ke ƙarƙashin mota, ka yi da hannunka sau ɗaya, domin sandar da ake murɗawa tana da wurin shiga da ba a gane shi cikin sauƙi. Tabbatar akwai jak, da katakon da za a ɗora shi a kai a yashi, da sifanar taya da ta dace da notin, da famfon iska mai aiki da batir, da gejin auna iska, da shebur, da igiyar ja. Kunna famfon ka ji yana aiki. In motar mai tanki biyu ce, wadda kan ɗauki wajen lita 140, ka sani allurar mai za ta daɗe a kan cike sannan ta fara sauka, don haka da kilomita ake lissafi: mayar da ma'aunin tafiya sifili duk lokacin da ka sha mai. Mai shirin shiga Kaokoland ko wani wuri mai nisa ya yi hayar wayar tauraron ɗan'adam.

Lissafin awa, mai da ruwa

A burji mai kyau ka lissafa kilomita 60 a awa, a D mai kwana da yashi 40. Daga Solitaire zuwa Walvis Bay kimanin kilomita 230 ne ta mashigan Gaub da Kuiseb, ba gidan mai a tsakani: awa huɗu ke nan, in ka haɗa da tsayawa kallo da salla da cin abinci, biyar. Ban da irin C26 da C28, kada tafiyar yini ta wuce kilomita 300, kuma ka tsara isa masauki da ƙarfe 4, don faci ɗaya yana cin kusan awa guda. A watan Yuni da Yuli rana tana faɗuwa da ƙarfe 6 da 'yan mintoci.

Hilux mai dizal da kaya takan sha lita 10 zuwa 12 a kilomita 100, a yashi kuwa fiye da haka sosai. Lissafa abin da kake buƙata ka ƙara kashi ɗaya cikin uku. Duk gidan man da ka gani ka cika tanki ko da rabi ne ya sauka, domin ƙaramin gidan mai na ƙauye yana iya wayar gari ba mai. Riƙe tsabar kuɗi, dalar Namibiya ko rand na Afirka ta Kudu, darajarsu ɗaya kuma ana karɓar duka biyun, saboda na'urar kati takan ƙi aiki. Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da na alwala da wanke hannu, sannan jarka mai lita 20 da ba a taɓawa sai an shiga matsala.

Lokacin da ya fi sauƙi shi ne Mayu zuwa Oktoba, ba ruwan sama, sai dai sanyin dare mai tsanani a tsakiyar shekara. Ruwa ya fi sauka daga Janairu zuwa Maris.

Tambayar safiya

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. In ka ce wa mutum "hanyar tana da kyau?" zai ce maka tana da kyau, domin shi kullum a kanta yake. Tambayi mai masauki, da mai zuba mai, da direban da ya fito daga inda za ka, tambayoyi masu amsa: yaushe gireda ta wuce? An yi ruwa a kan tudu cikin kwana biyun nan? Wane rafi ne ke gudu? Da wace irin mota ka bi, kuma awa nawa ka ci? Kafin ka tashi ka gaya wa masaukin da za ka sauka lambar hanyar da za ka biyo da lokacin da za su sa ran ganinka.

A kan hanya

A Namibiya hagu ake bi, sitiyari yana dama. Wanda ya saba da tuƙin Najeriya ko Nijar ba a cikin gari yake mantawa ba, don motoci suna tuna masa. A burjin da ba kowa ne, bayan ya tsaya ɗaukar hoto, hannu ke mayar da shi dama, sai a gamu a kan tudun da ba a ganin bayansa. Duk tudu da duk kwana, ka matsa hagu ka rage gudu. Fitilu a kunne ko da rana.

Da ka sauka daga kwalta ka rage iskar taya. Kamfanin zai ba ka nasa adadi, shi za ka bi, amma abin da aka saba, a ma'aunin iska na bar, shi ne wajen 2.2 a kwalta, 1.8 a tsakuwa, 1.5 zuwa 1.2 a yashi mai zurfi. A ma'aunin psi da masu faci suka saba da shi, 32 ke nan, da 26, da 22 zuwa 17. Taya mai taurin iska tana tsalle a kan gargada, ba ta kama ƙasa, kuma dutse mai kaifi ya fi saurin huda ta. A auna da safe taya tana da sanyi. Da ka koma kwalta ka mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu zafi take yi har ta fashe. Sa motar a 4H a burji, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, tana ƙara mata natsuwa, amma ka cire a kwalta: a irin Hilux, tuƙi da 4H a busasshiyar kwalta yana matse ƙarafan da ke juya tayoyi har ya lalata su.

Ga yadda kifewa ke faruwa. Hanya miƙaƙƙiya ce, ba kowa, gudu ya hau 100 direba bai lura ba. Tayar hagu ta hau tarin tsakuwar da gireda ta bari a gefe, ko kwana ta zo ba zato. Bayan motar ya fara zamewa, direba ya firgita ya taka birki ya fizgi sitiyari, motar ta juya gefe, tayoyi suka caki ƙasa, ga nauyin tanti da kaya a rufi, sai ta wuntsila. Maganinsa tun kafin a kai nan ne: rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, hannu biyu a sitiyari, kaya masu nauyi a ƙasa. In ta fara zamewa, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka danne birki, ka riƙe sitiyari a miƙe. In fili ne a gefen hanya, gara ka bar ta ta sauka cikinsa a miƙe da ka fizgo ta da ƙarfi.

In mota ta taho daga gaba, rage gudu ka matsa gefe, don gudunka ne ke ƙara wa dutsen da ta watso ƙarfin fasa gilashi. Kada ka wuce mota cikin ƙurarta, ba ka ganin abin da ke tahowa. Ja baya ka bar ƙurar ta kwanta. Rage gudu a kwarin rafi da kan ƙarafan da ake shimfiɗawa don hana shanu wucewa. Ƙofar gona kuwa, yadda ka same ta haka za ka bar ta.

A gangara irin Spreetshoogte ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu tun daga sama, injin ya riƙe motar. Mai atomatik ya mayar da ita giyar hannu. Wanda ya sauko da ƙafa a kan birki zai ji wari, daga nan birkin ya yi zafi ya daina ci.

Yashi mai zurfi, irin kilomita 5 na ƙarshe kafin Sossusvlei, wurin manyan jigawa a hamadar Namib, yana son iska ƙasa, giya ta biyu, da tafiya ba tsayawa a cikin sawun da wasu suka bari. Kashe na'urar hana zamewa, domin tana yanke wa injin ƙarfi daidai lokacin da kake buƙatarsa. Kada ka yi kwana mai kaifi da iska 1.2, taya tana iya fita daga wili. In ta kafe, ɗaga ƙafa nan take, ƙarin totur binne ta yake yi. Fita ka haƙe yashin gaban tayoyi da bayansu, ƙara rage iska, sa 4L, giyar tayoyi huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali, ka koma da baya a kan sawunka.

Rafi mai gudu a jira shi. Ruwan da ya sauka a tudu mai nisa yana iya cika busasshen rafi a inda ko gajimare babu, kuma sau da yawa yakan janye cikin awanni. Saboda wannan dalili ba a kwana a cikin rafi. A hanyar gishiri ta C34, arewa da Henties Bay, hazon teku yana sa ta santsi da safe. Bayan damina, in ka bi sawun da ciyawa ta yi tsawo a tsakiya, tsaya lokaci-lokaci ka zare busasshiyar ciyawar da ta taru kusa da salansa, don tana kama wuta. Kuma kada ka sauka daga hanya ka yanki fili: sawun taya a shimfiɗar tsakuwar Namib yana shekaru da yawa bai goge ba, a cikin gandun daji kuma laifi ne.

Duk inda ka tsaya ka zagaya motar ka dubi tayoyi. A kan gargada ba a jin facin tayar baya sai ta yayyage, wadda da an kama ta da wuri faci kawai za a yi, yanzu sai sayen sabuwa. In za ka canza, nemi wuri mai tauri a miƙe, ja birkin hannu, sa giya, tokare wata taya da dutse, sassauta noti kafin ka ɗaga. Bayan kilomita 50 ka sake ɗaure su. Gyara wadda ta lalace a gari na gaba, kada ka shiga wata D da safaya ɗaya in kana da zaɓi. In motar ta mutu gaba ɗaya, zauna tare da ita, a inuwarta, da ruwanka. Mota ake hangowa daga nesa, kuma masaukin da ka sanar ya san hanyar da zai aiko a bi.

Mai dawowa daga arewa ya tuna da shingen kiwon lafiyar dabbobi, wanda ɗaya daga ƙofofinsa ke Palmwag: ba a wucewa da ɗanyen nama daga arewa zuwa kudu, ana buɗe firjin mota a duba. Ranar mayar da mota ka cika tanki, ka kai rasit na duk facin da aka yi ko tayar da ka saya, ka sake ɗaukar hotuna a harabar kamfanin, sannan ka tsaya a duba ta a gabanka a sa hannu a takardar karɓa kafin ka wuce filin jirgi.